Idan lantarki ne ke juya su, don me ake cewa ƙwayoyin asid da kansu suke jeruwa a kan zinari?

Ɗalibar_Sinadarai:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. An ba ni aikin gabatar da muƙala a ajinmu na digiri na biyu a kan yadda ƙwayoyin asid masu tushen kabon suke jeruwa a fuskar zinari idan an tsoma shi cikin ruwan asid aka haɗa shi da lantarki. Misalin da na fi karantawa shi ne asid ɗin tirimesik. A rahoton da Thomas Wandlowski da abokan aikinsa suka fitar a 2005, sun nuna cewa wannan ƙwaya guda tana iya yin tsari har iri biyar a kan zinari, kuma kowane tsari yana bayyana ne gwargwadon ƙarfin lantarkin da mai bincike ya ɗora wa zinarin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sunan da aka ba lamarin, wato jeruwar kai, wanda ke nuna cewa babu hannun kowa a ciki. To idan mutum ne ke murɗa maɓalli ƙwayoyin su kwanta, ya sake murɗawa su miƙe tsaye, ina kan nasu yake? Ina tsoron a yi mini wannan tambayar a gaban aji in rasa ta cewa.

Tsohon_Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki tana da tushe, amma a fara duba ƙirar ƙwayar tukuna. Tirimesik zoben benzin ne mai kabon shida, da hannaye uku na kaboksil, wato ɓangaren da ke sa ƙwayar ta zama asid, da suka fito daga jikinsa, kowanne ya fuskanci nasa ɓangaren, tsakanin hannu da hannu digiri 120. Kowane hannu yana iya kama hannun wata ƙwaya da ɗaurin haidirojin guda biyu, wato ɗauri mai rauni da haidirojin ke yi tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Idan kowace ƙwaya ta kama uku, su ma kowace ta kama uku, abin da zai fito shi ne saƙar zuma, ƙwayoyi shida suna kewaye da rami guda wanda faɗinsa ya ɗan haura nanomita 1, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Tun 1969 Duchamp da Marsh suka ga wannan saƙa a cikin daskararren tirimesik, babu zinari, babu lantarki.

Yanzu ki yi lissafi. A murabba'in santimita guda na wannan saƙa akwai ƙwayoyi wajen tiriliyan 80. Mai murɗa maɓalli bai san inda ko ɗaya daga cikinsu take ba, balle ya nuna mata wurin zama. Ki kwatanta da abin da Don Eigler ya yi a kamfanin IBM, aka wallafa a 1990, inda ya ja zarrar zenon guda 35 ɗaya bayan ɗaya da bakin allura har ya rubuta sunan kamfanin a kan ƙarfen nikel. Wancan shi ne jerawa da hannu. A namu kuwa, mai bincike yanayi kawai yake sauyawa, zaɓen maƙwabci da mazauni na ƙwayoyin ne.

Injiniyan_Batir:
Malam, Allah ya ƙara lafiya, amma kalmar yanayi ta sassauta abin fiye da kima. Bolt guda ba wani abu ba ne a idonmu, batirin tocila ma ya fi shi. Sai dai a bakin elektirod, wato zinarin da aka haɗa da lantarki, kusan dukan wannan bambanci yana faɗuwa ne a tazarar da ba ta wuce nanomita guda ba, tsakanin ƙarfen da sahun farko na ruwa. Idan aka raba, ana maganar bolt kusan biliyan 1 a kowace mita. Iskar da muke shaƙa tana tartsatsi idan ta kai bolt miliyan 3 a mita. Ƙwayar da ke zaune a ƙarƙashin irin wannan matsi ba zaɓi take yi ba, dole aka yi mata. Ni ina tare da mai tambaya, sunan ya fi aikin daɗi.

Mai_Allura:
Na shekara uku ina wannan aikin a wani ɗakin bincike a ƙasar waje, don haka zan faɗi abin da idona ya gani, kowa ya yanke hukuncinsa.

Ana fara aikin ne da ɗan dunƙulen zinari tsantsa wanda aka yanka aka goge domin fuskar da ake kira 111, wadda zarrar cikinta ke jere ɗaya na taɓa shida, ta fito. Kowace safiya sai in riƙe shi da hantsaki in kai shi bakin harshen wuta har ya yi ja kamar garwashi, ina kula kada ya narke, domin zinari yana narkewa a digiri 1064. Mukan rage hasken ɗakin don a ga launin sosai. Idan ya huce a ƙarƙashin iskar agon, sai a ɗiga masa ruwa mai tsananin tsabta ya rufe fuskar, a ruga da shi cikin ƙaramin kwanon gwaji kafin ƙurar ɗaki ta sauka. Jean Clavilier ne ya fito da wannan dabara ta wuta a Faransa a 1980, a kan filatinam ya fara. Ita kuma allurar STM, na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwayoyin, wadda ke bin saman zinarin tana auna ɗan lantarkin da ke tsallake ratar da ke tsakaninsu, dole a lulluɓe jikinta da kaki ko roba a bar tsininta kawai, in ba haka ba lantarkin da ke bi ta ruwan zai danne wanda ake nema.

Idan cajin zinarin yana kusa da sifili ko ya ɗan karkata zuwa negatif, ƙwayoyin suna kwanciya shimfiɗe, zoben a manne da ƙarfe, su kama hannun juna. Hoton yana fitowa a fuskar kwamfuta layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, kuma ranar da na fara ganin saƙar zumar nan sai da na kira wanda ke ɗaki na gaba ya zo ya tabbatar mini ba idona ne ke yaudarata ba. Idan aka ƙara caji zuwa fozitif sannu a hankali, saƙar tana rushewa, ƙwayoyin su matsu su koma layuka. Idan aka ƙara gaba, hannu guda na kowace ƙwaya yana sakin haidirojin ɗinsa, oksijin biyun da suka rage su dafe zinarin, ƙwayar ta miƙe tsaye. Abin lura shi ne, da farko tsayuwar a hargitse take, sai an bar maɓallin yadda yake an jira, sannan a ga sahu yana fitowa daga nan da can yana faɗaɗa. A tsawon wannan jiran hannuna ba ya kan komai.

Maƙerin_Fari:
Ku gafarce ni malamai, ni ba ɗan boko ba ne sosai, sana'ata ƙirar zobe da 'yan kunne. Abin da na sani shi ne zinari ba ya jin asid, da shi ma muke gwada na gaske da na jabu, sai ruwan nan da ake haɗa asid iri biyu ne kawai ke cinye shi. To me ya sa ake neman asid ya manne a kan ƙarfen da ba ya jin sa? Da jan ƙarfe aka ɗauka ai da abin ya fi kamawa.

Tsohon_Malami:
Malam Maƙeri, rashin jin nan da ka faɗa shi ne dalilin zaɓensa. Jan ƙarfe yana kama hannun kaboksil da sauri, kuma shi kansa yana narkewa ko ya yi tsatsa da an ɗan ƙara masa caji, sai hoton ya dagule. Zinari yana ba da fili mai faɗi na ƙarfin lantarki wanda a cikinsa ba ya narkewa ba ya tsatsa, don haka abin da aka gani yana sauyawa na ƙwayoyin ne. Amma zinarin da kake ƙira da shi ba zai yi ba. Mai karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne kawai zinari, sauran azurfa ne da jan ƙarfe da makamantansu. Na gwajin tsantsa ne, kuma ana son fuskar da zarrar cikinta ke jere ɗaya na taɓa shida, tsakanin kowace biyu nanomita 0.288.

Mai_Allura:
In ƙara a kan bayanin Malam, zinarin ma ba shimfiɗa ce kawai da ke kwance tana jira ba. Bayan an gasa shi, sahun zarra na sama yana matsewa da kansa, zarra 23 su cusa kansu a gurbin 22, fuskar ta yi 'yan tuddai masu lanƙwasa kamar ƙayar kifi. Da an kai caji fozitif abubuwa sun fara dafe shi da ƙarfi, wannan matsi yana warwarewa, rarar zarrar ta fito ta taru ta zama 'yan tsibirai masu tsayin zarra guda. Dieter Kolb a Jamus ya yi shekaru yana nazarin wannan. Ke nan lokacin da ƙwayoyin ke sauya tsari, ƙasar da suke kai ita ma tana motsi.

Abu_Safiyya:
Ina ganin an bar babban misali a baya. Jeruwar kai da aka fi sani a kan zinari ita ce ta ƙwayoyi masu salfa, wadda Ralph Nuzzo da David Allara suka bayyana a 1983 a ɗakunan binciken Bell, George Whitesides na Jami'ar Harvard kuma ya faɗaɗa ta daga baya. A nan ba a buƙatar lantarki ko kaɗan. Ana tsoma zinari cikin barasar gwaji mai ɗauke da ƙwayoyin, a bar shi ya kwana, da safe an sami sahu guda cif, kowace ƙwaya ta kafa kan salfa a zinari, tazarar rabin nanomita tsakaninta da 'yar'uwarta, jelarta ta karkata wajen digiri 30. Akwai masu ɗauke da asid a ƙarshen jelar, kuma da su ake ɗaura furotin a kan na'urorin gano cuta. Da 'yar'uwarmu ta ɗauki wannan misali, da tambayar maɓalli ba ta taso ba.

Malama_Kimiyya:
Abu Safiyya, abin da ka kawo gaskiya ne, amma ka sauya mata batu. A naka, salfa ce ke riƙe zinari, asid ɗin yana can sama yana fuskantar ruwa. A nata, asid ɗin ne da kansa ke hulɗa da ƙarfen da kuma 'yan'uwansa. Kuma ko a naka lantarki bai fita ba, domin tun 1991 Marc Porter da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka kai caji negatif sosai a ruwan alkali, sahun salfar yana ɓallewa gaba ɗaya.

Ni a fahimtata, sirrin kalmar kai yana cikin raunin ɗaurin. Ɗaurin haidirojin yana kwancewa yana sake ƙulluwa ba iyaka a zafin ɗaki. Ƙwayar da ta sauka a gurbin da bai dace ba, hannu ɗaya ko biyu kawai ta samu, ba ta daɗewa take tashi ta koma ruwa ko ta gusa gefe. Wadda ta sami hannaye uku ita ce ke zama. Haka kuskure yake gyara kansa har tsarin ya daidaita, kuma babu mai bincike da ya isa ya yi wa tiriliyoyin ƙwayoyi wannan gyara. Ƙanwata, idan an tambaye ki a aji, daga nan za ki kama.

Ɗalibar_Sinadarai:
Na gode Yaya, wannan ya shige ni. Amma maganar Injiniya ta matsi tana nan ba a amsa ta ba.

Dakta_Zazzau:
Akwai gwajin da ya taɓa wannan kai tsaye. A Munich, Markus Lackinger da Wolfgang Heckl da abokan aikinsu sun ɗora tirimesik a kan girafait, wato kabon irin na bakin fensir, ba zinari ba, kuma babu elektirod da ake juya cajinsa. Abin da suka sauya shi ne ruwan da aka narkar da ƙwayar a ciki, wato asid na kitse masu tsawon jela daban-daban. A masu doguwar jela sun sami saƙar zuma, a masu gajeriyar jela kuma wani tsari mai kama da fure wanda ya fi cunkoso. An wallafa wannan a 2005. Ke nan lantarki maɓalli ne guda cikin maɓallai, tare da ruwan narkarwa, da yawan ƙwayoyin a ciki, da zafi. Idan za a hana abin sunan jeruwar kai saboda lantarki, sai a hana ƙanƙara sunan daskarewa da kanta saboda wani ne ya kunna firji.

Ga hujja ta biyu. A ɗauki asid ɗin tereftalik, wanda da shi ake yin robar gorar ruwan sha. Zobe iri ɗaya ne da na tirimesik, amma hannayensa biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Idan ya kwanta, layuka miƙaƙƙu yake yi. Isoftalik, wanda hannayensa biyu suka yi kusurwa, yawanci layi mai zikzak yake bayarwa. Duk yadda Injiniya ya murɗa maɓallinsa ba zai sa tereftalik ya yi saƙar tirimesik ba, domin zanen yana cikin ƙirar ƙwayar.

Injiniyan_Batir:
Dakta, na karɓi wannan a kan tsarin kwance, ba ni da ja. Amma ku duba abin da Mai Allura ya faɗa da bakinsa game da tsarin tsaye. A can ƙwayar ta rasa haidirojin, ta ƙulla da zinari, kuma tazarar da ke tsakanin sahu tana bin tazarar zarrar zinarin ne. Wannan ba ƙwayar da aka zuba tun farko ba ce, lantarki ya mai da ita wata aba. Firjin da ka kawo misali da shi ba ya cire wa ruwa haidirojin. Kuma ku lura cewa ruwan gwajin asid ne mai ƙarfi, wanda a cikinsa tirimesik ba zai saki haidirojin ɗinsa ba in da an bar shi, tunda shi asid ne mai rauni. A bakin zinari mai caji ne kaɗai hakan ke faruwa. Don haka ni zan raba biyu, na kwance jeruwar kai ne, na tsaye kuwa aikin elektirod ne.

Malama_Kimiyya:
Injiniya, ƙulluwa da zinari aikin elektirod ne, na yarda. Amma shiga sahu bayan an ƙulla fa? Mai Allura ya ce da farko a hargitse suke, daga baya suke daidaita ba tare da an taɓa komai ba. Su ma ƙwayoyin salfa na Abu Safiyya suna rasa haidirojin lokacin da suke kama zinari, kuma babu wanda ya hana su sunan.

Ma'aikaciyar_Gwaji:
Ina bin wannan muhawara da sha'awa duk da ba fannina ba ne, a ɗakin gwajin jini nake aiki. An taɓa gaya mana a wani horo cewa jan layin da ke fitowa a yawancin katunan gwajin zazzaɓin cizon sauro da na juna biyu, ƙananan ƙwayoyin zinari ne, kuma da sinadarin da ke cikin lemun tsami ake haɗa su. Shin wannan yana da alaƙa da abin da kuke tattaunawa, ko kamar suna ce kawai?

Dakta_Zazzau:
Akwai alaƙa ta gaske, Hajiya. Hanyar da John Turkevich ya bayyana a 1951 ita ce a tafasa narkakken gishirin zinari a zuba masa sitiret, wato gishirin asid ɗin lemun tsami, wanda shi ma hannayen kaboksil uku gare shi. Sitiret ɗin yana mai da gishirin ƙananan dunƙulen zinari, sannan ya lulluɓe su ya ba su caji negatif, sai su riƙa ture juna maimakon su cure. Shi ya sa ruwan ke zama ja. Idan aka zuba gishirin girki a ciki, cajin yana dushewa, dunƙulen su haɗe, launin ya koma shuɗi-shuɗi. Bambancin kawai shi ne fuskarsu ƙanƙanuwa ce kuma a lanƙwashe, ba filin da za a shimfiɗa saƙa mai faɗi.

Mai_Allura:
Tunda an ambaci gishirin girki, ga abin da ya taɓa cinye mini mako uku. Saƙar ta daina fitowa kwata-kwata, gefen matakan zinarin kuma ya riƙa yawo a hoto kamar ana goge shi. Na sauya allura ba adadi, na sake gasa zinarin, na zargi sinadarin da muka sayo. Ashe kulorayid, irin wanda ke cikin gishirin girki, ne ke yoyo kaɗan-kaɗan daga elektirod ɗin da muke auna sauran da shi. Kulorayid yana dafe zinari fiye da tirimesik da ke kwance, ya ƙwace masa wuri, kuma yana sa zarrar zinarin ta yi ta gusawa. Wannan ne ya sa ake jiƙa kwanukan gwaji a ruwan wanki mai ci, a tafasa su a ruwa mai tsabta sau da yawa kafin a fara. Na kawo labarin ne don 'yar'uwarmu ta san cewa a cikin ruwa kowane gurbi a kan zinari takara ake yi a kansa, tsakanin ƙwayar asid, da ruwan kansa, da duk wani gishiri da ke ciki.

Sannan ki yi hattara da hotunan. Binnig da Rohrer sun ƙera STM a 1981 a Zurich, Sonnenfeld da Hansma kuma suka nuna a 1986 cewa tana aiki a cikin ruwa, amma har yau a cikin ruwa tabo mai haske take nunawa a inda ƙwaya take. Ba ta nuna ɗaurin haidirojin, ba ta nuna ruwan da ke cikin ramukan. Zanen sanduna da kike gani an ɗora a kan hoto, fassarar mai bincike ce. Batun cewa ƙwayar ta tsaya kuma ta rasa haidirojin, da hasken infared aka ƙarfafa shi, domin a kan ƙarfe motsin da ke tsaye da fuskar ne kawai ke bayyana a wannan awo, kuma alamar kaboksil mara haidirojin tana fitowa ne daidai lokacin da aka kai caji fozitif.

Abu_Safiyya:
To bayan duk wannan wahala, me aka yi da saƙar? Sahun salfa dai na san inda ake amfani da shi.

Tsohon_Malami:
An nuna cewa ramukan suna iya karɓar baƙi. A kan girafait an zaunar da ƙwayoyi masu siffar ƙwallo, kowace mai zarrar kabon 60, a cikinsu, ɗaya a rami, kamar ƙwai a kiret. Amma saƙar da ɗaurinta ke kwancewa cikin sauƙi ba ta jure a fitar da ita daga inda aka yi ta, don haka amfaninta mafi girma shi ne koyo, wato gane yadda hannun kaboksil ke kama ƙarfe mai caji, abin da ke da muhimmanci ga masu hana tsatsa da masu shafa ƙarfe a kan ƙarfe da lantarki. Wannan tirimesik ɗin dai, da aka haɗa shi da jan ƙarfe a Hong Kong a 1999, ya ba da daskararren abu mai ramuka ta ko'ina da ake kira HKUST-1, kuma fannin irin waɗannan abubuwa ne ya sami kyautar Nobel ta sinadarai a 2025.

Ɗalibar_Sinadarai:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yanke shawarar in gabatar da tsarin kwance da na tsaye daban-daban kamar yadda Injiniya ya raba, in kawo hujjar Yaya Malama ta gyaran kuskure, in bar ajin su yi gardamar sunan. Saura abu guda. Aikin 2005 a ruwan asid ɗin salfurik aka yi shi, kuma na karanta cewa salfet, wanda ke fitowa daga wannan asid, ma yana yin nasa sahun a kan zinari idan caji ya yi fozitif sosai. Ta yaya aka san cewa sahun da aka gani na tirimesik ne ba na salfet ba?

Mai_Allura:
Ana fara ɗaukar hoto da awon lantarki a ruwan asid zalla kafin a zuba tirimesik, a san inda sahun salfet yake fitowa da tazararsa, wadda sananniya ce kuma ta bambanta da ta tirimesik. Sannan a maimaita gwajin a asid ɗin fakulorik, wanda gishirinsa ba ya dafe zinari da ƙarfi. Idan sahun ya sake fitowa a can, ba na salfet ba ne. Ki sa hoton ruwa zalla a shafin da ke gaban na tirimesik, domin shi malaminku zai fara nema.

Injiniyan_Batir:
Ki ƙara da abin da ke faruwa idan aka mai da maɓallin baya. Mai Allura, saƙar tana dawowa a daidai ƙarfin lantarkin da ta rushe, ko sai an wuce shi? Idan sai an wuce, ina da sauran magana a kan tsarin tsaye.